ƊAKIN GIRKI: Ekler mai shokola, da amsar wasiƙar uwar amarya

 

Da niyyata mu ƙarasa zancen dambun naman da muka faro a watan jiya, to sai ga wata wasiƙa daga Garwa wadda ba za ta iya jira ba. Wata Hajiya ce ta rubuto, za ta aurar da 'yarta ta fari cikin bazara, dangin ango kuwa mutanen Duwala ne, waɗanda bakinsu ya saba da kayan Turawa. Tana so ta fita kunya ranar walima, ta haɗa musu da ekler mai shokola guda 100 a kan su alkaki da nakiya da dubulan. Ta je ta tambayi kuɗinsa a shagon masu gato, aka gaya mata abin da ya sa ta juyo ba ko sallama. Ta gwada yi a gida sau biyu, duka biyun ya kwanta mata kamar wainar da aka zauna a kai. Tambayarta biyu ce: yaya ake yinsa ya tashi, kuma za ta iya haɗawa tun ana jibi biki ta ajiye?

Hajiya, tambayarki ta farko mai sauƙi ce. Ta biyun ce nake da magana a kai, amma bari mu fara ta kan girkin.

Ga wadda ba ta san shi ba, ekler shi ne wannan dogon gato mai kama da yatsa da kuke gani jere cikin gilashi a shagunan burodi na Yawunde da Duwala da Ngaundare, bayansa baƙi yana ƙyalli, cikinsa cike da kirim mai sanyi. Asalinsa daga Faransa ne, tun ƙarni na 19 ake yinsa a can, kalmar kuwa a harshensu tana nufin walƙiya. Wanda ya taɓa ajiye faranti ɗaya a gaban yara ya juya baya, ya san dalilin sunan. Abu uku ne a haɗe: ɓawo, da kirim na ciki, da shokolar da ake shafawa a baya. (Mu nan shokola muke cewa, 'yan'uwanmu na Nijeriya su ce cakulan, duk abu ɗaya ne.)

Ban da tsada, akwai wani dalilin da ya sa nake son uwargida ta iya shi da hannunta. A girkin Faransawa ba baƙon abu ba ne a ɗiga 'yar giyar rake cikin kirim don ƙamshi, wasu kayan kwalliyar gato kuma ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samunsa. Ban ce kowane shago yana yi ba, masu yawa ba sa yi, amma mu da muke zaune cikin mutanen da abin bai dame su ba, ba kullum yarinyar da ke bayan kanta ta san amsar tambayarki ba. Abin da kika dama da hannunki kuwa kin san abin da ke ciki.

To ɓawon. Masu karanta ɓangaren Faransanci na wannan jarida sun san shi da pâte à choux. Ni kuwa tuwo nake ce masa, domin duk macen da ta iya tuƙa tuwon masara ta riga ta iya rabin aikin. Ki sami ruwa rubu'in lita, da bota giram 100, da gishiri ɗan kaɗan, da sukari ƙaramin cokali ɗaya, ki zuba a tukunya mai kaurin gindi ki ɗora. Ki yanka botar ƙanana don ta narke kafin ruwan ya tafasa, in ba haka ba ruwan zai yi ta ƙonewa kina jiran bota, awonki ya lalace. Da ya tafaso sai ki sauke, ki juye fulawa giram 150 wadda kika riga kika tankaɗe, duka a lokaci ɗaya, ki kama tuƙi da muciya da ƙarfinki. In ba ki da sikeli, kofin da ke cin rubu'in lita a cike, da ƙarin babban cokali biyu masu tozo, ya yi daidai. In ya haɗe ya zama curi ɗaya, ki mai da shi kan wuta kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da tuƙi kamar minti 2, har ki ga yana sakin jikin tukunya, wani ɗan siririn ƙanzo ya fara kwanciya a gindi. Wannan busarwar ba a tsallake ta. Ruwan da kika kora yanzu shi ne gurbin da ƙwai zai shiga.

Mai son yin amfani da man shanu na Fulani tana iya yi, amma ta kula da abu biyu. Soyayyen man shanu mai ne zalla, babu ruwa a cikinsa kamar bota, saboda haka giram 80 ya isa, ta ƙara ruwa babban cokali ɗaya da ɗan ɗori. Sa'an nan kada ta kuskura ta ɗauko wanda aka soya da albasa. Na taɓa cin ekler mai ƙamshin albasa a gidan wata ƙawata, har yau in mun haɗu sai mun yi dariyarsa.

Ki juye tuwon nan a kwano ki bar shi ya sha iska, har ya zama kina iya tsoma yatsa ba ki ƙone ba. Sa'an nan ƙwai, guda 4 manya, in ƙanana ne 5. A nan ne mata da yawa suke faɗuwa, kuma ina zaton Hajiya a nan kika fara samun matsala. Ba a fasa su duka a zuba. Ɗaya za ki sa, ki tuƙa. Za ki ga ƙullun ya rarrabe yana santsi kamar ya ɓaci, kada ki tsorata, ki ci gaba, zai haɗe. Sai na biyu, sai na uku. Na ƙarshen ki kaɗa shi a kofi daban, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina dubawa, domin fulawa ta bambanta, ƙwai ma ya bambanta. Alamar ya yi ita ce ya yi sheƙi, in kin ɗago muciya ya zubo a hankali cikin nauyi, ya bar wani harshe mai tsini yana reto a jikinta. In ya ƙi zubowa, da sauran ƙwai. In ya zuba kamar kunu, kin wuce wuri, kuma kada ki ce za ki gyara da ɗanyar fulawa, ba ya gyaruwa haka. Sai dai ki tuƙa wani ɗan tuwon, rabin awo, ba ƙwai, ki haɗa su.

Za ku lura ban ambaci yis ko hodar tashi ba. Ba a sawa. Ruwan da ke cikin ƙullun shi ne yake zama tururi idan ya ji zafi, ya hura shi kamar balan-balan, ƙwai da fulawa kuma su gasu su sandare a kewaye, cikin ya zama kogo. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin duk dokokin gashinsa.

Ki zuba ƙullun a leda mai kauri, ki yanke kusurwa ɗaya gwargwadon kaurin babban yatsanki, ki matso shi a kan faranti da kika shafa wa mai sama-sama, tsawon santimita 12, wato kamar daga tsakiyar tafin hannu zuwa kan dogon yatsa. Ki bar tazarar yatsu uku tsakaninsu don za su kumbura. Ki jiƙa cokali mai yatsu ki ja layi a bayansu a hankali, yana hana su tsagewa barkatai. Awon nan yana ba da kamar guda 15.

Fur, wato tanderun gas ko na lantarki, sai ya riga ya yi zafi sosai kafin a sa, digiri 200. Bayan minti 15 ki rage zuwa 180, ki ƙara musu minti 20. Abin da zan roƙe ki da girman Allah shi ne kada ki buɗe ƙofar nan cikin minti 25 na farko, ko wa ya ce ki leƙa. Da iska mai sanyi ta shiga, tururin ya kwanta, ɓawon kuwa bai yi ƙwarin tsayawa da kansa ba, sai ya faɗa, kuma ba ya sake tashi. Ni kaina haka na yi a gwajina na farko. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tana zaune a tsakar gida tana jiran ta ga abin da na ɓarnatar da ƙwai huɗu a kai, zumuɗi ya sa na buɗe sau biyu. Da na fito da su ta duba ta ce, "Yarinya, wannan ai ko a tanda sai ki yi shi, ba sai an ƙona gas ba." Kuskure na biyu shi ne cirewa da wuri. Launin gasasshen burodi bai isa ba, sai sun yi ja sosai har cikin tsagarsu, in kin ɗaga ɗaya ki ji shi sakayau. Sa'an nan ki huda kowanne a ƙasa da tsinke sau biyu, ki mayar minti 5, ƙofa a ɗan buɗe, sauran tururin ya fita.

Wadda ba ta da fur kada ta ajiye jarida. Babbar tukunyar dalma mai kauri tana yi. A zuba yashi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsu biyu, a ɗora duwatsu uku ko murfin gwangwani a kai don faranti ya zauna ba ya taɓa yashin, a rufe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, a bar ta ta yi zafi minti 20. Gwajin zafi irin na iyayenmu: ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa ciki, in ta yi ja kamar soyayyiyar gyaɗa cikin minti 5, zafin ya yi. In ta yi baƙi, rage garwashi. Na sama ya ɗan fi na ƙasa yawa, don gindi ya fi saurin ƙonewa. Dokar kada a buɗe tana nan daram. Gaskiya ba za su yi kyan na fur ba, kuma guda 5 ko 6 kawai tukunya take ɗauka, amma a baki ba wanda zai bambance. In ma duk wannan ya yi miki yawa, ƙullun nan yana soyuwa: ki riƙa ɗiba da ƙaramin cokali kina sakawa a mai mai matsakaicin zafi, za ki ga suna kumbura suna juya kansu. Faransawa suna da sunan da suke kiran wannan soyayyen, amma ba ya faɗuwa a jaridar da yara ke karantawa.

Yanzu kirim. Madara rabin lita. In ta gari ce, giram 65 a cikin ruwa, ya cika rabin lita. Gwaiduwar ƙwai 4, sukari giram 80, garin sitacin masara irin Maïzena giram 40, da ƙunshi ɗaya na sukari mai banila, wanda ya fi mini kwanciyar hankali a kan banilar kwalba, domin ta kwalbar akasari da barasa ake jiƙa ta. Ki kaɗa gwaiduwa da sukari har su yi haske, ki zuba garin sitaci ki kaɗa ba gudaji. Ki tafasa madara, ki zuba kashi ɗaya cikin uku a kan ƙwan kina kaɗawa, kamar yadda ake dama koko, sa'an nan ki juye duka a tukunya ki mayar kan wuta. Kada hannunki ya tsaya, ki riƙa bin gindi da gefe-gefe. Zai yi kauri farat ɗaya kamar talge. A nan mata suke saukewa don tsoron kada ƙwai ya dunƙule, alhali kuwa sitacin yana kare shi. Ki bari ya yi ɓul-ɓul, ki ƙirga minti 2 kina juyawa. Dalili shi ne akwai wani sinadari a cikin gwaiduwa mai cin sitaci, in tafasa ba ta kashe shi ba, kirim ɗin da kika ajiye da kauri da dare, da safe ki tarar ya tsinke ya zama ruwa. Ki sauke, ki zuba shokola baƙa giram 100 da kika daddatsa, ki juya ta narke. Ki baza shi a faranti mai faɗi don ya yi saurin hucewa, ki shimfiɗa leda mai tsabta a kansa tana taɓa shi don kada ya yi fata, da ya huce sai firiji.

Wace shokola? Wannan tambaya tana ba ni haushi duk lokacin da na shiga kanti. Kamaru tana cikin ƙasashe biyar da suka fi noman koko a duniya, ba kokon ƙosai nake nufi ba. Tun zamanin Jamusawa, bayan 1884, aka kafa manyan gonakinsa a gindin Dutsen Kamaru, yau ga shi a Kumba, da Obala, da Bafiya, da Ebolowa, da Sangmelima. Duk wanda ya bi hanyoyin nan lokacin kaka ya ga ana shanyarsa a bakin titi. Amma mafi yawansa buhu-buhu yake fita ta tashar jirgin ruwan Duwala, ya je Turai, ya komo mana cikin takarda mai ƙyalli da farashin da ko manominsa ba ya iya saya. A 2024 kuɗin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 10,000, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, mu masu girki kuwa mun ji a jikinmu. Yaran ƙasar nan da Mambo na kamfanin Chococam suka tashi, mu ma haka. Abin da za ki duba a kowace kika ɗauka shi ne rubutun baya: ki nemi baƙa wadda kokonta ya kai kashi 50 cikin 100 ko fiye. In mai madara kika samu, ki rage sukarin kirim zuwa giram 50, in ba haka ba zaƙi zai hau kai. Ta roba wadda ake shafa wa yara a burodi aikinta daban, mai da sukari sun yi mata yawa, ba ta daskarewa a bayan ekler. In aljihu ya ƙi, garin koko marar sukari giram 30, a haɗa shi da garin sitaci tun farko, a ƙara bota giram 30 bayan an sauke, yana ba da kirim mai kyau ƙwarai. Ni sau da yawa shi nake yi.

Cikawa ba wuya. Ki kaɗa kirim ya saki, ki zuba a leda, ki yanke baki ƙarami, ki faɗaɗa hujin nan biyu na ƙasa ki matsa har ki ji ya yi nauyi a hannu. Mai gaggawa ta tsaga shi ta gefe da wuƙa ta zuba da cokali. Na shafawa a baya kuwa, shokola giram 100, da madarar gwangwani marar sukari babban cokali 4, da ɗan gutsuren bota, a kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don tana ƙonewa nan da nan ta yi ɗaci. Ki juya har ta yi sumul, ki kifa bayan kowane ekler a ciki, ki ɗago, ki share gefe da yatsa mai tsabta.

To Hajiya, mu zo kan tambayarki ta biyu. Amsata ita ce a'a, kuma ba da wasa nake ba. Ƙwai da madara da sukari a dame wuri ɗaya, babu abincin da ƙwayoyin cuta suke so kamarsa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje da firiji, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa, awa ɗaya. Ke kin fi ni sanin Garwa a watan Maris da Afrilu, inda zafi yake wuce 40. Ita kanta shokolar man da ke cikinta yana narkewa tun a wajen digiri 34, kafin a gama gaishe-gaishe ta dalale a faranti. Wannan ma ƙaramin abu ne, kwalliya ce kawai ta ɓaci.

Babban abin shi ne wanda ya same ni. Shekarun baya, sunan ɗan ƙanwata a unguwar Birketiri a Yawunde, na cika guda 40 tun dare na jera a firiji, na kwanta ina jin daɗin na rage aiki. Tsakar dare aka ɗauke wuta, ba ta komo ba sai da hantsi. Na ɗauki ɗaya na sansana, na ɗanɗana, ban ji tsami ba, na ce lafiya lau. Da la'asar aka raba. Kafin a yi sallar lisha yara sun fara amai, ƙaramar cikinsu sai da ta kwana a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Allah ya taƙaita, kowa ya warke, amma na yi wata uku ban iya haɗa ido da uwar yarinyar nan ba. Daga baya likita ya bayyana mini cewa akwai ƙwayar cutar da take zaune a hannu da hancin mai lafiya ma, in ta sami kirim mai ɗumi sai ta hayayyafa ta zuba dafi, dafin kuwa ba shi da wari ba shi da ɗanɗano. Hanci da harshe ba sa kama shi. Laifin nawa ne, na ga wuta ta tafi, na ji ƙyashin zubar da kayana. Ki tuna mutum nawa za su ci a walimarki, da tsofaffi, da masu ciki, da baƙin da kike son ki burge.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Ɓawon shi ne mai cin lokaci, shi kuwa ba ya jin komai. Ki gasa shi ana jibi biki, ya huce sarai, ki rufe a gwangwani ko bokiti mai murfi. Ranar walima da safe ki mai da shi fur minti 5 ya komo da ƙarfinsa. Kirim ki dafa shi a daren biki in kin amince da firijinki, in kuwa unguwarku ana yawan ɗauke wuta, ki bari sai da asuba, ki tanadi kula da ƙanƙara. Cikawa ta zama aikin ƙarshe, mata biyu masu wankakken hannu da sabulu, ba mai mura, ba mai yanka a yatsa. A riƙa fitarwa faranti-faranti, in wani ya ƙare a kawo wani. Abin da ya yi saura a waje bayan awa ɗaya a zubar, kada a ƙulle wa kowa a leda ya tafi da shi gida, balle 'yan Duwala masu doguwar tafiya. Tsarabarsu alkaki da dubulan, waɗanda iyayenmu suka san dalilin da ya sa suka zaɓe su kayan gara.

Sa'an nan ki sake duba lissafin guda 100 ɗin nan. Awo 7 ke nan, ƙwai 56, kusan kiret biyu, bota giram 700 ban da ta shafawa, madara lita uku da rabi, shokola kilo ɗaya da giram 400. Mace mai hidimar biki a kanta ba ta da wannan lokacin. Ki yi su ƙanana, dunƙule-dunƙule kamar goro, da cokali ma ana ɗiba ba sai da leda ba. Awo ɗaya yana ba da wajen 40, awo 3 ya ba ki 120, ƙwai 24, shokola giram 600. Sun fi saurin gasuwa, kamar minti 25, sun fi wuyar faɗawa, loma ɗaya ne ba mai ɓata mayafinta. Farin ƙwan da ya rage guda 12 ki haɗa da 'yan ƙwai biyu ko uku ki soya wa masu taya ki aiki waina su karya kumallo. Kuma ki gwada awo ɗaya wannan makon, tun biki da saura, ki rubuto mini yadda ya kasance.

Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan dambunmu, da amsar 'yar'uwar da ta tambaya daga Marwa ko ana yinsa da naman kaza. Na bar ku lafiya.